Daga Bakin Gulbi Zuwa Bakin Matoya: Yadda Ake Koyar da Ginin Tukwane a Kwaleji

Malamin da aka damƙa wa ajin ginin yumɓu yakan fara da lissafin abin da babu: babu na'urar juyi, babu matoyar lantarki, babu yumɓun da ake sayarwa a leda irin na bidiyon Turawa. Ni ma da wannan lissafin na fara. Wata uku na yi ina rubuta takardar neman kaya, ɗalibaina kuwa suna zana tukunya a takarda ba su taɓa laka ba, kuma har yau ina jin zafin watannin nan da na ɓata musu. Daga baya na gane duk abin da ajin yake bukata yana nan cikin Maraɗi. Ga yumɓu a fadama, ga tsingaro a bayan kowane gida, ga buntu da ɓawon gujiya, wadda mutanen Kano ke cewa gyaɗa, ga kuma magina da suka gaji aikin kaka da kakanni. Abin da makaranta za ta ƙara a kan wannan shi ne awo da rubutu, yadda ɗalibi zai san dalilin da ya sa tukunyarsa ta fashe, ya kuma iya maimaita wadda ta yi kyau. Ga yadda nake tafiyar da ajin, daga haƙa har buɗe matoyar da ɗaliban suka gina da hannunsu.

Lissafin lokaci

Makarantu suna buɗewa a Oktoba, fadama ba ta gama tsanewa ba, ruwa kuma yakan dawo wajen Yuni. Saboda haka daga ƙarshe ake lissafowa. Ina son a gasa tukwane sau uku kafin zafin Afrilu, domin tsayuwa gaban wuta yini guda a rana mai fiye da digiri 40 ba abin da za a ɗora wa ɗalibai ba ne. Gashi uku a Fabrairu da Maris na nufin matoya ta tsaya a Janairu, wannan kuma na nufin an buga tubalinta tun Nuwamba. Wanda ya bar tubali sai ɗalibai sun iya gini, damina za ta tarar da shi da ɗaki cike da ɗanyun tukwane. A duba inda azumi ya faɗo. In ya zo cikin watannin gashi, a nemi izinin iyaye da na hukumar makaranta a mayar da wutar dare, a kunna bayan asham, a rufe bayan asuba.

Nemo maginiya

A je inda ake sayar da randuna da tuluna a kasuwa, a tambayi masu ginawa, a bi su har gida da goro da gaisuwa. A roƙi ɗaya daga cikinsu ta riƙa zuwa aji, kuma a biya ta kamar yadda ake biyan kowane malamin da aka gayyato. Wannan ba alfarma ba ce ake yi mata. Akwai abin da hannu ya sani wanda malamin boko ba zai samu a littafi ba.

Za a sami ɗaliban da suke ganin ginin tukwane aikin ƙasƙanci ne. Nakan ce wani ya fito da naira 20, tunda naira ba baƙuwa ba ce a aljihun mutumin Maraɗi, mu juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Maikal Kadu a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Da hannu take gini, yadda ta koya a gida, kuma da wannan ginin ta zaga Turai da Amurka tana nuna wa malaman jami'a.

Yumɓu da gwajinsa

Garin Maraɗi na yanzu a kan tudu yake, tun bayan ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga cikin kwari, don haka a harabar makaranta rairayi kawai za a tono. Sai an gangara fadamar gulbi, wadda ta biyo ta wajen Madarumfa da Jiratawa ta wuce Tibiri. A nemi izinin mai gona da na mai gari. A kwashe ƙasar sama mai saiwoyi kamar santimita 30 zuwa 40, sannan a ɗiba. Kada a yarda ɗalibi ya yi ta ƙwaƙule gindin bangon rami yana shiga ƙarƙashi, ƙasa takan rufta, kuma a cike ramin kafin a tafi saboda yara da dabbobi in ruwa ya sauka.

A zuwan farko ba a cika amalanke. Buhu ɗaya ɗaya ake ɗauka daga wurare uku, a rubuta wa kowanne suna. Ranar da muka kawo namu, maginiyar da ke zuwa mana, wadda ɗalibai ke kira Inna, ta gutsuri ɗan kaɗan daga buhu na biyu ta sa tsakanin haƙoranta, ta murza saura a tafin hannu, ta ce: "Malam, wannan ƙasar ta cika maiƙo. In ba ka ba ta tsingaro ba, za ta tsage tun ba ta ga wuta ba." Mako biyu muka yi muna awo, awon kuma ya dawo kan maganarta. Amma ɗaliban sun fita da lamba a hannu, wadda za su iya kai wa kowace ƙasa a kowane gari.

Gwaji huɗu ake yi. Na farko, a murza yumɓu kamar kaurin fensir a naɗe shi a yatsa. In ya naɗu babu tsaga yana da danƙo, in ya kakkarye yashi ya yi masa yawa. Na biyu, a ɗiga ruwan lemun tsami a kan busasshen dunƙule, musamman inda ake ganin fararen ƙwayoyi. In ya yi kumfa akwai dutsen alli a ciki, shi kuwa bayan gashi yakan sha danshin iska ya kumbura, ya ɓalle fatar tukunya bayan kwanaki. Irin wannan yumɓun sai an tace shi da rariya mai laushi sosai. Na uku, a dama ɗan kaɗan a kwalba da ruwa a ajiye: yashi zai kwanta nan da nan, yumɓu ya biyo a hankali, a ga rabon kowanne da ido.

Na huɗu shi ne uban gwaji. Kowane ɗalibi ya yi ƴan sanduna masu tsawon santimita 12, ya ja layi biyu a kai, tsakaninsu santimita 10 daidai. In sandar ta bushe a sake aunawa, in an gasa a sake. Kowace milimita ɗaya da ta ragu kashi ɗaya ne cikin ɗari na ƙanƙancewa. A yi sanduna kashi uku: yumɓu zalla, sai tiya huɗu ta yumɓu da tiya ɗaya ta dakakken tsingaro, sai tiya bakwai da uku. Yumɓun da ya ragu fiye da milimita 8 wajen bushewa kaɗai zai wahalar da mai koyo, a ƙara masa tsingaro. Wanda aka cika wa tsingaro kuma zai ƙi naɗuwa. Tsakanin nan ake neman haɗin aji, a rubuta shi a bango.

Sai gyaran mai yawa. A shanya yumɓun ya bushe ƙarau, domin busasshe ya fi mai danshi saurin narkewa a ruwa. A farfasa, a zuba a rabin tano mai ruwa ya kwana biyu ko uku, a dama ya zama kamar kunu, a tace da ragar taga. In ya kwanta a tsiyaye ruwan sama, a juye a kan tsohon zane da aka shimfiɗa bisa rairayi har ya kai yadda ba ya manne wa hannu. A zuba tsingaro gwargwadon haɗin da aka zaɓa, a taka da ƙafa a kan buhu, sannan a cuɗa da hannu, ana yanka shi da zare ana duba ko da ramin iska. A ƙulle a leda ya yi mako biyu. Kwantaccen yumɓu ya fi sabo biyayya nesa ba kusa ba.

Dakan tsingaro a fili ake yi, a yayyafa masa ruwa tukuna, masu daka su sa takunkumi. Ɗakin aiki kuma ba a share shi a bushe, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Ƙurar yumɓu tana zama a huhu ba ta fita, illarta kuma sai bayan shekaru take bayyana.

Tubalin matoya

Kafinta ya haɗa mazubin katako iri biyu. Ɗaya na tubalin da'ira: tsawo santimita 23, kauri 7, faɗin bakin ciki 11, na waje 17, don su zagaye ba tare da manyan gibi ba. Ɗayan na tubali miƙaƙƙe, 23 da 11 da 7. A ƙara wa kowane awo abin da sandunan gwaji suka nuna zai ragu. Na da'ira a buga wajen 420, miƙaƙƙu wajen 80, har da na asara.

Haɗi biyu ne. Tubalin gidan wuta, wato sahu shida na ƙasa, yumɓu ne da tsingaro da ɗan buntu kaɗan, saboda su ke ɗauke da nauyi suna kuma shan dukan itace. Na sama kuwa tiya ɗaya ta yumɓu, tiya ɗaya ta buntu ko garin katako ko niƙaƙƙen ɓawon gujiya. In wuta ta ci buntun sai ta bar ƙananan ramuka cikin tubalin, ramukan nan su ke riƙe zafi. A ƙara da sanduna goma sha biyu na yumɓu da tsingaro kaɗai, tsawo santimita 36, kauri 8, su za su zama daɓen matoya, inda tukwane za su zauna bisa wuta. Tara ake bukata, sauran na ko-ta-kwana ne. Waɗannan a kai wa maginiya ta gasa su tare da tukwanenta, don ɗanye ba zai ɗauki kaya ba. Tubali ya bushe a inuwa mako ɗaya ana juya shi, sannan rana.

Hannu a kan yumɓu

Yayin da tubali ke bushewa sai a shiga gini. Da matsi ake farawa. Dunƙule kamar lemun zaƙi, a soka babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsawa ana juyawa daga gindi zuwa baki. Nakan sa su rufe ido, don yatsa ya fi ido sanin kauri. Kowa ya yi goma, a yanka tara da zare gida biyu a duba bango. Ranar farko sukan ji ciwon yankan, amma babu darasin da ya kai ganin gindi mai santimita uku a ƙarƙashin baki mai kaurin takarda. Abin nema shi ne bango mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama, bai wuce kaurin ƙaramin yatsa ba.

Daga nan sai ginin igiya, inda nake ɗaukar mako huɗu, domin shi ne ƙashin bayan ajin. A ɗora faifan gindi a cikin tsohon kasko mai ɗan rairayi, yadda za a riƙa juya kaskon maimakon mai gini ya zagaya. A murza igiyoyi kaurin babban yatsa da tafin hannu gaba ɗaya, daga tsakiya zuwa gefe. A ɗora igiya, hannu ɗaya yana tallafe da waje, babban yatsan ɗaya hannun yana jan naman igiyar ƙasa ta ciki har layin ya ɓace, sannan a shafe waje daga ƙasa zuwa sama da ɓallin sakaina. In ana son ciki ya buɗe, a ɗora igiya a gefen waje na wadda ke ƙasa. In ana son ya tsuke zuwa wuya, a gefen ciki. Bayan igiya uku ko huɗu a dakata ƙasan ya sha iska ya iya ɗaukar na sama, amma a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma don ya karɓi sabuwar igiya. Kuskuren da nake gani kowace shekara shi ne yawan ruwa. Ɗalibi ya ga ƴar tsaga sai ya shafa ruwa, tsagar ta ɓuya, bangon ya yi laushi ya zauna. Nakan ɗauke bokiti daga kan tebur, kowa ya riƙe ɗan tsumma mai danshi kawai.

A wannan matakin ne nake ba da aikin awo: tulu mai tsayin santimita 30 bayan gashi. In haɗin aji yana raguwa kashi 10 cikin ɗari gaba ɗaya, 30 a raba da 0.9, za a gina shi a 33 da ɗan ɗoriya. Nan ɗalibi yake ganin amfanin sandunan da ya yi ta aunawa.

Hanya ta uku ta maginiya ce, malami ya koma gefe ya kalla. Takan kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa faifan yumɓu a kai tana bubbugawa har ya sauko rabi. Sirrin yana wajen cirewa: in an yi sauri ya lotse, in an yi jinkiri ya ƙanƙance a kan uwar ya tsage. Da iskar hunturu tazarar ba ta da yawa, a sa ɗalibi ɗaya ya riƙe agogo ya rubuta. Bayan an cire an juya, a ɗora kafaɗa da wuya da igiya.

Ginin falle ba ya cin lokaci. Katako biyu masu kaurin santimita ɗaya, yumɓu a tsakiya, a murza da guntun bututu ko taɓarya. A bari ya yi tauri kamar sabulu, a yanka, a kakkarce gefunan da za su haɗu, a shafa kunun yumɓu, a manna, a cusa siririyar igiya a kusurwar ciki. Da shi ake yin akwati da kaskon turare da fale-falen ado. Duk abin da aka rufe ruf, a huda shi.

Bushewa da ado

Hunturu yana busar da baki kafin gindi, nan tsaga take fitowa. Kwana uku na farko a lulluɓe da leda, sai a koma buhu, sai inuwa a buɗe, a kifa tukunyar da zarar bakinta zai iya ɗauka. Rana sai a kwanan ƙarshe. A kanga gindin a kumatu: in da sanyi, da sauran ruwa.

Ado tun tana da taurin sabulu ake yi. A dama jar ƙasa a tace, a shafa, in ta ɗan sha a goge da dutse mai santsi ko bayan cokali ko ƴaƴan kuka da aka shirya a zare, har ta yi ƙyalli. Totuwar masara da murɗaɗɗiyar kaba suna ba da zane in an mirgina su. Nakan tura ɗalibai su kwafo zanen ƙwarya da na bangon tsofaffin gidaje da na aikin fata, su zo mu ga wanda zai zauna a jikin abu mai zagaye.

Maganar fenti mai gilashi a ajiye ta a shekarar farko. Wanda ake haɗawa da toka yana son zafin da ya haura digiri 1200, matoyarmu ba za ta kai ba. Wani zai kawo shawarar garin cikin tsohon batirin mota don yana narkewa da wuri. A hana shi, hani mai tsanani. Dalma ce, tana fita cikin abinci mai tsami, kuma mun ga yadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Gina matoya

Wuri mai tudu, nesa da azuzuwa da rumfar kara da wayar lantarki aƙalla mita 10. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka matoya ta kasance kudu maso yamma da azuzuwa, hayaƙi ya tafi can, bakin wuta kuma kada ya fuskanci iskar kai tsaye.

A kafa turke, a ɗaura igiya, a zana da'ira biyu: ta ciki santimita 40 daga turke, ta waje 63. A tona santimita 20, a cika da tsakuwa da tsingaro a daɓe, a shimfiɗa tubali miƙaƙƙu. Lakar gini ita ce haɗin tubalin ƙasa da aka sassauta da ruwa, a shafa ta siririya. Siminti ba ya shiga nan ko kaɗan, wuta tana rugurguza shi.

A ɗora sahu shida, kowane tubali yana zaune a kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, a bar ƙofa mai faɗin santimita 35. Don bakan ƙofar a kwantar da tsohon bokiti ko a tara jiƙaƙƙen rairayi a gina a kai, in ya bushe a zare. A gaban ƙofar a ja ɗan lungu mai tsawon santimita 60 da tubali miƙaƙƙu. A cikinsa wuta za ta fara ci, nesa da tukwane. A gitta guntayen rodi masu kauri a lungun, santimita 15 daga ƙasa, itace ya zauna a kai iska ta shiga ta ƙarƙashi. Rodin zai lanƙwashe bayan gashi kaɗan, a sa shi yadda za a iya sauyawa.

A tsakiyar da'irar a tayar da ginshiƙi mai faɗin tubali ɗaya, tsayinsa daidai da sahu na shida. Shi sahu na shidan a turo shi ciki santimita 5 ya zama dandamali. Sandunan nan tara su kwanta daga ginshiƙi zuwa dandamali kamar ƙafafun keke. Gibin da ke wajen bango a gitta masa tubali da manyan tsingaro, a bar ramukan wuta kamar faɗin yatsa uku ko'ina, na kusa da ƙofa su fi ƙanƙanta domin can wuta take son bi.

Daga daɓe a hau santimita 85 zuwa 90 da tubalin buntu, sahu uku na ƙarshe a riƙa shigo da su ciki kaɗan kaɗan. A bar ramin leƙe biyu, ɗaya tafin hannu sama da daɓe, ɗaya kusa da baki, kowanne da matoshinsa na yumɓu. A yaɓe waje da laka mai ƙaiƙayi kaurin santimita 5, a ɗaure da waya mai kauri wuri uku. Ta sha iska mako biyu, a hura mata ƙaramar wuta yamma uku a jere, sannan a cika ta da tsingaro a gasa ta har ta yi ja. Za ta tsattsage, haka kowace take yi, a cike tsagar da laka.

Na kan raba aji gida huɗu, amma kowane ɗalibi, mace ko namiji, sai ya ɗora sahu ɗaya da hannunsa.

Lodi da wuta

Ta sama ake lodi. Manya masu nauyi a ƙasa a kife, a ɗora su kan tsingaro kada su toshe ramukan wuta. Ƙanana suna shiga cikin manya muddin ba a cusa ba. Tunda babu fenti, taɓa juna ba laifi. Wani ɗalibi ya zana inda kowane abu yake. A jera ƴan zobban yumɓu daidai kowane ramin leƙe, da sandunan gwaji sama da ƙasa. In babu na'urar auna zafi, a sa ƙananan kofunan yumɓu biyu inda ido zai kai: ɗaya da guntun gwangwanin alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660, ɗaya da ɗan gishirin miya, wanda ke narkewa a 801. A rufe saman da manyan tsingaro hawa biyu ko uku, hayaƙi yana samun hanya.

Itace a nemi busassun rassan bedi da na sabara da kalgo da manoma ke sarewa wajen sassaben zamani, da ragowar katakon kafintoci marar fenti. Ba na yarda a sare itace tsaye saboda ajina. A faskare shi siriri kamar damtse, a tara fiye da yadda ake zato. Masu aiki su sa tufafin auduga da takalmi rufaffe, mata su ɗaure hijabi ta baya, a ajiye ruwa da rairayi kusa.

Awa uku na farko wutar ba ta wuce ta dafa shayi ba, a can bakin lungu. A gashina na farko na gajarta wannan lokacin don rana tana yi. Ba a yi awa ɗaya ba muka ji ƙara kamar an fasa kwalba a cikin rijiya, sai wata, sai shiru. Wani tulu mai kaurin gindi ne, ruwan da ya rage a cikinsa ya zama tururi ya tarwatsa shi, ya tafi da tukwane shida na kusa. Ɗaya daga ciki ta wata ɗaliba ce da ta yi mako uku tana gogewa. Ta tsince guntayen a gefen zanenta ba ta ce komai ba. Tun daga ranar nake riƙe madubi a saman matoya kowane minti 20, in ya yi hazo ba a ƙara ko tsinke.

In madubi ya daina hazo a tura wutar ciki, a riƙa ƙarawa sannu sannu wajen awa uku. Tsakanin digiri 450 da 600 ruwan da ke haɗe da jikin yumɓu yake fita, daga nan ba zai sake komawa laka ba. A 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke ciki sukan kumbura farat ɗaya, don haka kada a yi gaggawa har sai ramin leƙe na sama ya nuna ja mai duhu. Alminiyam zai kwanta jim kaɗan bayan haka. Daga nan a sake hannu: itace biyu ko uku, su kama, harshen wuta ya lafa, a ƙara. Baƙin hayaƙi mai kauri alama ce an cika itace, zafi kuma sauka yake yi a lokacin. A riƙa janye garwashi in ya toshe ƙarƙashin rodi. Gishiri ya narke, ja ya washe ya doshi ruwan lemu, an kai wajen 900 zuwa 950. A zaro zobe da ƙugiyar ƙarfe, a tsoma a ruwa, a karce da ƙusa, a ƙwanƙwasa. In na sama bai kai na ƙasa ba, a riƙe wutar a haka rabin awa a sake zarowa. Duka aikin awa takwas zuwa goma ne, kowane rabin awa ana rubuta lokaci da launi da yawan itace.

A toshe ƙofa da tubali da laka, a mayar da matosai, a ƙara tsingaro a sama. Kada a taɓa sai bayan yini da kwana, lokacin da hannu zai iya zama a kan tsingaron.

Buɗewa

A shimfiɗa tabarma, a jera kayan yadda suke a zanen lodi, na sama daban na ƙasa daban. Kowa ya ƙwanƙwasa nasa a ji amo. Sannan a karanta asara tare da Inna. Fatar da ta ɓalle ta bar rami, danshi ne. Tsaga mai buɗaɗɗen baki da gefe mai kaushi tun wajen bushewa ko farkon wuta ta samo asali. Siririya mai kaifi kamar silin gashin kai, sanyi ne ya shiga da wuri. Baƙi a tsakiyar ɓalli, an yi sauri ko iska ta yi kaɗan. Tsagar da ta bi layin igiya, haɗi ne bai kamu ba.

A auna sandunan gwaji a cika lissafin ƙanƙancewa. A ɗora ɗaya a sikeli, a tafasa ta awa biyu, ta kwana a ruwan, a goge a sake aunawa. In giram 200 ta koma 228, tana shan ruwa kashi 14 cikin ɗari. Ga randa wannan abin so ne, ta nan take zufa tana sanyaya ruwa. Wajen ba da maki nakan raba uku: ginin hannu, aikin matoya, da kayen da ɗalibi ya rubuta komai a ciki. Wanda tulunsa ya fashe ya kuma iya nuna dalili a rubuce ba ya faɗuwa a wurina.

Fasassun a tara a buhu, su ne tsingaron baɗi. Kafin hadarin farko na Mayu a cike tsagogin matoya, a sabunta yaɓe, a kwashe toka, a ja ƴar magudana kewaye da gindinta, a kifa mata rufin kwano mai faɗi wanda za a ɗage ranar gashi, a danne shi da duwatsu saboda iskar farkon damina.